Yadda Sagindik Ya Share Hawayen Taga

Abu biyu ne mutumin Kokshetau ba ya wasa da su: mutuwa da naman hunturu. Ita mutuwar ma akan ɗan taɓa ta da zolaya jefi-jefi, in an ci an ƙoshi.

Da zarar sanyi ya zauna da gindinsa, kowane gida mai mutunci ya yanka dokinsa, ko a haɗa kai da 'yan uwa a raba guda. Wannan naman shi ake kira sogim. Shi za a ci har dusar ƙanƙara ta narke, da shi za a fita kunyar baƙo. Babu firizar da ke ɗaukar rabin doki, kuma ba wanda ya taɓa damuwa da hakan, tunda Allah ya hore mana baranda.

A benen da yayata Zauresh ke zaune, barandar da ta fi kowace sanyi ita ce tasu. Tana hawa na huɗu, tana kallon arewa, an rufe ta da gilashi, rana ba ta taɓa leƙa ta ba tun da aka gina gidan. Don haka duk shekara naman gida huɗu ke kwana a can: nasu, da na Kulyash-apa tsohuwar hawa na biyu, da na Beisen direban tasi, sai cinya guda tawa, ni Darmen, gwauron malamin makaranta mai haya a ɗakin da ba shi da baranda. Wanda ke riƙe da wannan amana shi ne mijin yayata, Sagindik.

Sagindik, wanda nake kira Jezde kamar yadda kowa ke kiran mijin yayarsa, ya yi aiki a ma'aikatar da ke tura wa gari ruwan zafi a bututu har ya yi ritaya. Shi ke ɗaga sandar ƙofa in mota za ta shiga, ya sauke in ta wuce. A nan ya samo ilminsa na zafi da sanyi, wanda a cewarsa ba a koyar da shi a jami'a. Gaskiyarsa, ba a koyarwa.

Da kaka ya ciccire tsofaffin tagogin katako ya sa na roba, irin waɗanda ko numfashin sauro ba ya ratsawa. Ya yi ta hawo da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya suna shafawa suna sa albarka. Sanyi na sauka tagogin suka fara kuka. Kowace safiya gilashi ya yi sharkaf, ruwa na gangarowa layi-layi, ya taru a dandamalin taga, ya ɗiga bayan bututun zafi. Kusurwar bango ta soma baƙi. Wadda ta fi kowace kuka ita ce babbar tagar falo, mai haɗe da ƙofar baranda.

Zauresh ba ta ɗauki abin da zafi ba. Ta ware tsohon tawul tana gogewa, in kuma ya fita sayen burodi ta ɗan buɗe tagar kicin iska ta shaƙata. Wata rana ya manta jakar kuɗinsa ya dawo.

"Kashe ni za ki yi?" Ya yi tsalle ya maido tagar ya danne da kafaɗa. "Taga a buɗe, ƙofa a buɗe! Irin wannan iskar ce ta kashe kawuna Temirbek."

"Kawunka daga kan doki ya faɗo."

"Me ya kayar da shi? Wuyansa ne ya ƙage. Me ya ƙage wuyan? Iska. Ke dai ba kya bin magana zuwa tushenta."

Ina wurin, ina shan shayi. Na ce, "Jezde, tururin tukunya ne da na buta da numfashinku. Da can ta kafar katako yake fita. Yanzu ka toshe masa hanya, sai ya tarar da gilashi mai sanyi ya kwanta a kai."

"Ji malamin alli," in ji shi. "Mutumin da bai mallaki taga tasa ta kansa ba. Ni da na ga tukunyar da ke ɗumama gari gaba ɗaya da idona?"

"Daga bakin ƙofa."

"Daga bakin ƙofa ake ganin komai, yaro. Na ciki su bututu ɗaya kawai suke gani. Ku ba ni 'yan kwanaki. In ban busar da tagar nan ba, a aske mini gashin baki a tsakar gida."

Da gishiri ya fara. Ya kwashe duk wanda Zauresh ta tanada don gyaran nama, ya cika kofunan shayin gidan kaf, har da na aurensu masu bakin zinari, ya jera a dandamalin kowace taga. Baƙo in ya zo a kwalbar zuma ake ba shi shayi. Kulyash-apa ta hawo ɗaukar haƙarƙari, ta tsaya tana kallon jerin kofunan tana haki.

"Sagindik, aljanu kake kiwo?"

"Kimiyya ce, Apa. Gishiri maƙiyin ruwa ne."

"To ga shi sun shirya," ta ce, ta nuna da sandarta. Gishirin ya narke ya zama ruwa, kofunan sun cika sun tumbatsa, tagar kuma na ta aikinta kamar ba da ita ake ba.

Jezde ya ɗanɗana da yatsa, ya yanke hukuncin cewa gishirin zamani jabu ne.

Sai ya koma kyandir. A ganinsa wuta ta fi gishiri zuciya. Da magariba ya jera kyandirori a tagar falo da ta kicin da ta ɗakin kwana ya kunna, ya ja kujera ya zauna yana gadi. Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Raisa ce, gwauruwar hawa na uku da ke daidai ƙarƙashinsu, ta ɗaura baƙin ɗankwali, tana riƙe da farantin alkaki, idonta cike da ƙwalla.

"Daga tsakar gida na hango," ta ce da Zauresh cikin raɗa. "Wa ya rasu?"

"Hankali," in ji Zauresh. "Shigo ki yi wa mai shi gaisuwa, ga shi can a zaune."

Jezde ya taso yi wa Raisa bayani, ya ba taga baya, ya ɗaga yatsa. Bai kai ga aya ta farko ba labulen da 'yarsu ta aiko daga Astana ya kama da wuta. Da ruwan gishirin kofunan nan aka kashe wutar, abin da Jezde ya nemi a shaida cewa dama ya hango amfaninsa tun farko. Labulen ya rage tsawo da kamu biyu. Raisa ta koma da alkakinta.

Washegari ya kafa doka. Tunda tururi ne abokin gaba, to ba tururi a gidansa. Ba dafa nama, ba miya, ba shanya. Shayi sau ɗaya a wuni, a kuma toshe bakin butar da ƙyalle. Wanka a je gidan wankan unguwa. Ya ƙara da cewa in da hali a rage yawan magana, don ya lura in Zauresh na waya tagar kicin ta fi jiƙewa.

Abin da Zauresh ta mayar masa ba na rubutawa ba ne, amma duk benen ya ji, har da masu jiran bas a titi. Aka ji ƙarar murfin tukunya ya daki bango, sannan aka ji shiru. Da sassafe ta haɗa jakarta ta nufi tashar jirgin ƙasa, wurin 'yarsu da ta haihu. Ni na raka ta, ba wanda ya gan mu. A bakin ƙofa ta ce masa, "In ka gama da tagar ka kira ni. In tagar ta gama da kai, Darmen zai kira ni."

Kaɗaici kan sa wasu mutane tuba. Shi Jezde tunani ya sa shi, wanda ya fi haɗari.

Ya aika wa Kulyash-apa da Beisen cewa kowa ya zo ya ɗebi naman 'yan kwanaki, za a rufe baranda saboda wani aiki. Suka zo suka ɗiba, ba su tambaya ba. Ni sai da aka tashi daga makaranta na iso. Na tarar da shi a durƙushe, ya gama bi da kumfar toshe kafa a kewayen ƙofar baranda, sama da ƙasa, har da ramin makulli. Kumfar ta kumbura ta bushe kamar ƙullin burodin da ya wuce gona da iri. Ta ƙasan ƙofar wayar lantarki mai kauri ta fito ta shiga bango.

"Jezde, wannan wayar ta mece ce?"

Ya miƙe yana goge hannu, fuskarsa na sheƙi. "Kai ka ba ni dabarar, ba ka ma sani ba. Me ka ce? Tururi na kwanciya a kan gilashi mai sanyi. To me ke sanyaya gilashin? Baranda. Kowa na yaƙi daga ciki. Ni na zagaya wa abokin gaba ta baya."

Na manna goshina a gilashi na leƙa ƙasa. Hita biyu ne, irin masu jan waya, ya jingina su da bango a ƙarƙashin tagar, sun yi jawur.

"Nama fa?"

"Ka ɗauke ni yaro?" Ya nuna ɗaya ƙarshen barandar. Ya tara naman gida huɗu wuri guda, ya lulluɓe da shimfiɗun gashin tumaki, da barguna, da duk wata rigar sanyi da ke gidan. Tulin ya kai ƙirjina. "Ka san fulas? Ka zuba zafi, ya riƙe zafi. Ka zuba sanyi, ya riƙe sanyi. Wancan fulas ne. Ban da haka, naman da sanyin Kokshetau ya daskarar ba ya narkewa sai Afrilu. Doki dabba ce mai taurin kai."

A kan maganar fulas yana da gaskiya, ta kamar wuni ɗaya da rabi.

"Ba ni cinyata," na ce.

"Ƙofa ta rufu."

"Kashe hitar."

"Taɓa wayar nan ka ga yadda ake korar suruki. Dubi tagar, malam. Dube ta!"

Na duba. Ruwan ya fara janyewa daga ƙasa zuwa sama. Ya kama ni ta wuyan riga ya kai ni bakin ƙofa, ya ce ranar Lahadi za a yi bikin buɗe labule, kafin nan ba mai shiga.

Kai tsaye na sauka wurin Kulyash-apa. Na ce, "Apa, Jezde ya kunna hita a baranda, namanki zai narke."

Ta yi dariya har sai da ta cire haƙoranta na roba ta goge. "Kai Darmen! Bara cewa ka yi da man takalmi yake rina gashin baki."

"Wannan ma gaskiya ce. Amma ta yau ta fi."

"Je ka, ɗan nema. Allah ya bar ku tare."

A nan al'ada ta ci ni. An yarje wa ƙanin mata ya faɗi duk abin da ya ga dama a kan mijin yayarsa, a gaban kowa, ba mai jin haushi. Sharaɗin ɗaya ne, ba a rubuta shi ba: ba mai yarda. Na tare Beisen yana kankare ƙanƙara daga gilashin motarsa, ya saurare ni har ƙarshe, ya buga cinya ya ce wannan ta fi ta man takalmi, zai ba fasinjoji. Da yamma ya haɗu da Jezde a matakala, ya kira shi da Sake, yadda abokai ke gajarta sunansa, ya ce, "Sake, an ce kana gasa mana doki a baranda."

"Ka san ƙanin mata," in ji Jezde. Suka tafa.

Na kira Zauresh. Jaririya na tsala ihu a kunnenta. Ta ce, "Darmen, ban runtsa ba, ba ni da lokacin wasanku," ta kashe.

Waɗanda suka fara gaskata ni karnuka ne. Ranar Juma'a karnuka biyu suka zo suka zauna a dusar ƙanƙara a gindin benen, suka ɗaga kai sama. Ranar Asabar sun zama jama'a. Akwai na unguwa, akwai baƙi daga bayan tashar jirgi, akwai wani mai ƙafa uku da aka ce daga kasuwa ya taso. Ba haushi, ba faɗa, sun yi sahu suna kallon hawa na huɗu kamar masu jiran ganin wata. Hankaki suka cika wayar lantarki. Jezde ya hango su ta gilashin tagar kicin, daga baya ya ce wa Beisen dabbobi na da basira, sukan gane gidan da ake aikin ilmi.

Ranar Lahadi da hantsi muka hallara a falo: Kulyash-apa da sandarta, Beisen da matarsa, wasu maƙwabta biyu da suka ji ana raba shayi, da ni. Jezde ya sa kwat da lambar yabon da aka ba shi ranar ritaya. Ya tsaya gaban guntun labulen ya yi jawabi. Ya taɓo tarihin ɗan Adam da sanyi tun daga kakanninmu masu tanti, ya bi ta kan injiniyoyin da suka ƙi sauraronsa a bakin ƙofa, ya sauka a kan wasu malaman makaranta da ba zai ambaci suna ba. Sannan ya yaye labulen.

Tagar a bushe take ƙayau. Ko ɗigo babu. Beisen ya shafa da yatsa, ya duba, ya ce, "Kai! Sake, ka yi abin."

"Na faɗa muku."

"Amma me ya sa gilashin baranda na waje ke zuba kamar rafi?" in ji matar Beisen.

"Wannan mataki na biyu ne."

Kulyash-apa ba tagar take kallo ba. Ta ɗaga hanci tana shinshina. "Me kake dafawa?"

"Ba a girki a gidan nan, Apa. Doka ce."

"To wani na yi."

Aka buga ƙofa, bugun da ba na mai neman shayi ba. Ɗan sandan unguwa ne, Nurtas, matashi mai sabuwar hula, Raisa na maƙale a bayansa tana rungume da farin zanin gado. Ta shanya shi a barandarta ya daskare, ya yi tauri kamar allo, ga jan layi-layi tun daga sama har ƙasa.

"Sagindik-aga, a yi haƙuri," in ji Nurtas, yana kiransa yadda yaro ke kiran babba. "Ƙanƙarar da ke reto daga barandarka ja ce. Mun duba daga ƙasa. Ina uwargida?"

"Tana Astana."

"Ƙarya ne!" Raisa ta leƙo ta ƙarƙashin hammatarsa. "Na ji faɗan da kunnena. Na ji an buga ƙarfe, na ji shiru. Tun ranar ba wanda ya sake ganinta. Ya toshe baranda, ya ja labule. Kuma tun kafin nan ya kunna mata kyandir, da idona na gani!"

"Ni na raka ta tasha," na ce.

"Kai yi mana shiru, Darmen," in ji Kulyash-apa. "Ba lokacin wasa ba ne."

Nurtas ya kira wayar Zauresh, aka ce a kashe take. Ya gyara hularsa. "Aga, buɗe ƙofar nan."

"Ba za ta yiwu ba. Iskar waje za ta ɓata sakamako."

"Aga."

Jezde ya kama hannun ƙofar ya murɗa. Kumfar ta riƙe. Ya sa ƙafa a bango ya ja da ƙarfin da ya tara a shekarun ɗaga sanda, hannun ƙofar ya ɓalle ya biyo shi, suka zube tare a kan teburin shayi. Garin tashi ya dafa wayar lantarkin, kowa ya bi ta da ido har inda ta shige ƙarƙashin ƙofa. Beisen ya manna goshinsa a gilashi ya leƙa ƙasa, kamar yadda na yi. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, fuskarsa ta koma launin zanin Raisa, wajen da ba jan.

"Apa," ya ce a hankali. "Yaron nan gaskiya ya faɗa."

"Wace gaskiyar?"

"Ta hitar."

Kulyash-apa ta kai shekara tamanin, ta binne miji da gwamnatoci da dama, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Yanzu ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Beisen, sauka ka ɗauko ƙarfen taya."

Jezde ya baje hannuwa a gaban tagar. "Apa, ki dubi girman Allah! Ita kaɗai ce busasshiyar taga a Kokshetau!"

"Matsa, ko a haɗa da kai."

Bugu na uku gilashin ya tarwatse. Abin da ya shigo falon ba sanyi ba ne. Wani ɗumi ne mai nauyi, irin na rumfar mahauta a tsakiyar bazara, ya sa matar Beisen ta toshe hanci da gyale. A ƙasa karnuka suka ɗauki kuka baki ɗaya.

Nurtas ya haura ta tagar, takalminsa na faca-faca cikin jan ruwa. Ya kashe hitar, ya nufi tulin, ya ɗago abin da ke sama. Rigar gashin Zauresh ce ta zuwa biki, wadda ta yi shekaru tana tanadin saye, gefenta ya sha ya yi jawur yana ɗiga. Raisa ta ƙwalla ƙara ta sulale a kan kujera. Nurtas ya yaye bargo, ya yaye shimfiɗa, ya zura hannu ya zaro wata doguwar ƙafa.

"Ta doki ce," ya ce, ya ajiye numfashi.

"Tawa ce," na ce.

"Wa ya fasa mini taga?"

Muka juya. Zauresh ce a bakin ƙofa da jakarta, dusar ƙanƙara a kafaɗarta, wayarta ta mutu a jirgi. Raisa ta buɗe ido, ta gan ta, ta sake rufewa. Zauresh ta dubi ɓaraguzan gilashi, ta dubi tulin, ta dubi rigar da ke hannun ɗan sanda. Sannan ta dubi mijinta, wanda har yanzu yana riƙe da hannun ƙofa.

"Zauresh," ya ce, "da kin zo da wuri kaɗan da kin ga tagar. Tambayi Beisen. Ko ɗigo."

Nurtas ya hauro ya miƙa mata rigar da ladabi. "To, alhamdu lillahi. Tunda ba gawa, ni zan koma."

"Zauna ka sha shayi, ɗana," in ji Kulyash-apa. "Gawar ba ta iso ba ne tukuna."

Ba a samu sukunin kashe Jezde ba, saboda nama ba ya jira. Kulyash-apa ta naɗe hannun riga ta zauna a bakin tagar, ana miƙo mata gunduwa-gunduwa tana shinshinawa tana yanke hukunci. Na saman tulin, wanda ya fi kusa da hita, ya riga ya canza addini. Aka jefa wa masu jira a ƙasa, waɗanda haƙurinsu bai faɗi a banza ba. Na tsakiya ya saki ya yi laushi amma da sauran ransa, sai dai ba ya sake daskaruwa ya yi daɗi, dole a dafa shi yau ko a cika shi da gishiri. Aka nemi gishiri a gidan. Kowa ya juya ya kalli Jezde.

Aka tattaro duk tukunyar da ke benen, daga hawa na ɗaya zuwa na biyar. Inda murhu yake, an ɗora. Kulyash-apa ta ce manyan tukwanen a kicin ɗin Sagindik za a ɗora su, kuma shi zai tsaya yana kwashe kumfa. Kwana da kwanaki benen na tafasa. Tururi ya cika matakala har mutum ba ya ganin wanda yake gaisarwa. Tagogin gidaje ashirin suka yi kuka a tare, takardar bangon kicin ɗin Jezde ta saki ta sauko masa a ka yana tsaye da ludayi. Da yake ba cikin da zai ɗauke doki biyu da rabi, aka gayyaci benen da ke kallonmu, da na bayansa, da masu shara, da direbobin tasi abokan Beisen, da Nurtas da duk ofishinsu. Mutane suka ci, suka yi addu'a, suka tafi da ƙunshi. Wani tsoho da ba wanda ya san shi ya riƙe hannun Jezde ya ce bai taɓa ganin karamci irin wannan ba tun bikin auren kakansa, ya tambaya ko takara zai tsaya. Jezde ya ce ana kan shawara.

Abin da ya saura daga rabon gidansa, Kulyash-apa ta raba mana mu uku, ta ce ladan tukunya. Naman da aka tanada ya kai mu bazara bai ga sabuwar shekara ba. Daga Janairu har narkewar ƙanƙara, taliya da albasa ake ci a gidan Sagindik, Zauresh na dafawa da murfi a buɗe, tana kallonsa.

Gashin bakinsa kuwa na nan. Beisen ya zo da reza ya tuna masa alkawari, Jezde ya ce a kawo shaida ɗaya da ya ga ɗigon ruwa a tagar falo tun ranar Lahadin nan. Har gobe haka yake faɗa a layin burodi, a gidan wanka, a wurin jana'iza: shi ne mutumin da ya share wa taga hawaye a tsakiyar hunturun Kokshetau, tagar kuma ba ta sake kuka ba.

A wannan kam ban taɓa musa masa ba. Mai gilashi ya ce sai bazara, aka buga falanki a gurbin.